Kalmar "get" ba ta haddatuwa, abin da ya biyo ta ake dubawa

Ƙanwata, kin ce kin buɗe ƙamus don ki ga ma'anar "get", kika tarar da ma'anoni jere kamar ba za su ƙare ba, kika rufe shi ranki a ɓace. Kin kawo jimloli huɗu, "I got a letter", "I got tired", "I got home" da "I got my phone fixed", kina tambaya yaya kalma ɗaya za ta ɗauki wannan kaya duka, kuma ko dole sai kin haddace su. Ba dole ba ne. Ni ma na bi wannan hanya, na yi kusan shekara ina haddar jerin ma'anoni, amma ranar da na buƙace su ba su tsinana mini komai ba.

A makona na farko ne a wurin aiki. Wata Baturiya da muke ofis ɗaya tana tsaye, hannuwanta biyu cike da fayil, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta dube ni ta ce, "Can you get the door?" A kaina "get" samu ne, ko karɓa, ko ɗaukowa. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya zauna da ƙofa. Ina nan tsaye har ta ajiye fayil ɗin a kan tebur, ta je ta buɗe da kanta. Ba ta ce mini uffan ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Daga ranar na sayi ɗan littafin rubutu, duk inda na ji ko na karanta "get" sai in kwafe jimlar gaba ɗayanta. Bayan wata uku na zauna ina karanta abin da na tara, a nan ne idona ya buɗe.

Kafin in gaya miki abin da na gani, ki dubi Hausarki. Mutum ya ci jarrabawa, ya ci zaɓe, ya ci bashi, ya ci amana, ya ci mutuncin wani, wuta ta ci gida, aiki ya ci gaba. Wa ya taɓa zaunar da ke ya jera miki ma'anonin "ci"? Kunnenki ne ke jiran kalmar da za ta biyo, da ta faɗo kin san inda aka dosa. Baƙon da ke koyon Hausa shi ne zai riƙe kai yana tambayar yaya ake cin amana ba da baki ba. Halin da kike ciki da "get" ke nan.

Abin da littafina ya nuna mini shi ne, a ƙarƙashin yawancin ma'anonin nan jijiya ɗaya ce: sauyi. Da babu, yanzu akwai. Da ba a kai ba, yanzu an kai. Idan suna ya biyo ta, abu ne ya shigo hannu, shi ya sa "I got a letter" take nufin wasiƙa ta iso ni. Ko saya mutum ya yi, ko ba shi aka yi, ko ɗaukowa ya yi, duk "get" ta rufe su, yanayin maganar ne zai bambance. Har fahimta sun ɗauke ta kamar abin da ke isowa hannu, don haka "I get it" na gane ne. Idan kuwa wuri ya biyo ta, isa ne. "I got home", na isa gida. Ki lura ana cewa "get to the office", amma "home", "here" da "there" ba sa karɓar "to". Wannan kuskuren ya daɗe yana bina.

Inda na fi so ki tsaya shi ne idan sifa ta biyo ta, domin a nan Hausa ke yi mana gata, mu ne ba ma lura. Mu da aikatau ɗaya muke faɗin shiga wani hali: na gaji, ya fusata, ta warke, ya tsufa, mun ɓata hanya. Turanci sau da yawa sai ya jingina da "get": "get tired", "get angry", "get well", "get old", "get lost". Bambancin "I am tired" da "I got tired" shi ne bambancin "a gajiye nake" da "sai na gaji". Na farko halin da ake ciki ne, na biyu lokacin da aka shiga shi. Haka "she is married" tana da aure, "she got married" ta yi aure. Da na gane wannan, kusan rabin littafina ya warware. Sai dai ki yi hattara, in aka daka wa mutum tsawa da "Get lost!", ba maganar ɓatan hanya ake ba, "ɓace mini da gani" ake nufi, kuma rashin kunya ne.

Jimlarki ta huɗu ita ce mai ɗan ƙashi. "I fixed my phone", ke kika gyara. "I got my phone fixed", kin kai an gyara miki. Idan mutum ne a tsakiya, sai "to" ta shigo: "I got him to sign", na shawo kansa ya sa hannu. Da "I made him sign" aka ce, da tilas a ciki, kuma babu "to". Sannan ga wasu tagwaye da harafi biyu kawai ya raba: "I got to see her" na samu damar ganinta, "I've got to see her" dole in gan ta. A rubuce bambancin a fili yake, amma a bakin mai saurin magana sai kin kasa kunne sosai.

Kada ki ɗauka ƙwaƙwalwarki ce ta gaza. A lissafin da masu ƙamus na Oxford suka fitar, "get" ce ta biyar cikin aikatau da aka fi amfani da su, bayan "be", "have", "do" da "say". Kalma kuwa in ta yawaita a baki, ma'anoninta yaɗuwa suke yi. A bugu na biyu na babban ƙamus ɗinsu, na 1989, aikatau "set" na da ma'anoni 430. Da aka sake bitar "run" a 2011, sai da ta kai 645, kuma Peter Gilliver da ya yi aikin wata tara ya shafe a kanta. Babu Baturen da ya haddace waɗannan. Ita kanta "get" aro ce, daga "geta" ta tsohon harshen mutanen arewacin Turai da suka mamaye wasu sassan Ingila. Za ki kuma ci karo da "gotten". Ba kuskure ba ce, tsohuwar siga ce da Amurkawa suka riƙe, mutanen Ingila suka fi barinta. A bakin Ba'amurke "I've got a car" ina da mota ne, "I've gotten a car" kuwa na samu mota.

Akwai wurin da dabarata ba ta kaiwa, gara in faɗa miki. Idan "get" ta haɗu da ƙananan kalmomi irin su "up", "out" da "over", wasu a sarari suke, kamar "get up" da "get out". Wasu kuwa sai dai ki ɗauke su dunƙule, yadda kika ɗauki "sha alwashi" ba ki nemi abin da aka sha ba. "Get over" farfaɗowa ne daga ciwo ko baƙin ciki, "get by" lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ke hannu, "get along with" zaman lafiya da mutum, "get away with" yin laifi a sha. Waɗannan da jimlarsu nake rubuta su, ban taɓa rubuta su tsurarsu ba. Kan abin hawa kuwa, bas da jirgi da keke "get on" da "get off" ne, ƙaramar mota "get in" da "get out of".

In takardar neman aiki ko amsar jarrabawa kike rubutawa, ki rage ta. "Receive", "obtain", "become" da "arrive" sun fi dacewa da irin wannan rubutu. A hira kuwa kada ki guje ta, wanda ya ce "I obtained your message" maganarsa kan fito a sandare.

Ita kuwa ƙofar nan, daga baya na gane cewa in waya ta yi ƙara ko aka ƙwanƙwasa, "get" na nufin a je a amsa. Bayan wasu makonni wayar ofis ta yi ƙara, Baturiyar nan tana tsakiyar rubutu. Na miƙe na ce "I'll get it", ta gyaɗa kai ba ta ko ɗago ba, ta ci gaba da aikinta.