Amsa ga ƙanena: kafin ka sayi gyararriyar waya, fara tambayar batirinta

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da ka samu gurbin karatu. Ka ce kuɗin hannunka ba zai kai sabuwar waya da sabuwar kwamfutar cinya ba, don haka kana so ka sayi waɗanda aka yi amfani da su, aka gyara, aka mayar kasuwa, har ka turo mini tallace-tallace uku da aka rubuta wa kowanne "kamar sabuwa". Kai ne mutum na huɗu da ya kawo mini wannan magana a bana, kuma dukanku abu ɗaya kuke dubawa: ko gilashin ya tsage, ko jikin ya ƙuje, da yawan hotunan da wayar za ta iya ɗauka. Babu wanda ya taɓa tambayata batir, alhali shi ne abin da ya fi wahalar da ni a shekarata ta farko a nan Turai, kuma shi kaɗai ne a cikin na'urar yake ƙarewa a hankali ko ana amfani da ita ko tana ajiye.

Darajar da masu sayarwa suke bai wa kaya, irin su A da B da C, ko "mai kyau ƙwarai" da "mai kyau", galibi bayanin fatar na'urar ne, wato yawan tabon da ido zai gani. Batun batir yana can ƙasa cikin ƙananan rubutu, idan ma an ambace shi. Tsarin Amazon Renewed, na sayar da gyararrun kaya a kasuwar intanet ta Amazon, alal misali, yana alƙawarin cewa batirin zai riƙe aƙalla kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na asali, kuma masu sayarwa da dama a kan wannan ma'auni suke tafiya. Wanda bai sani ba zai ji 80 ya ɗauka maki ne mai kyau, kamar na jarrabawa. A wajen kamfanin Apple kuwa, 80 ita ce iyakar da idan batir ya faɗo ƙasa da ita ake cewa lokacin canza shi ya yi. Kamfanin ya ce an ƙera batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace ta domin ya riƙe kashi 80 bayan cikakken zagayen caji 500 (wato a cika shi a cinye wutar gaba ɗaya sau 500), na iPhone 15 kuma bayan 1000. Ke nan wayar da aka sayar maka tana nuna 82 ta riga ta cinye kusan duk rayuwar da aka tsara wa batirinta a hannun wani, kai ragowar za ka saya. Shi Apple da kansa, idan ya sayar da gyararriyar iPhone, yana sa mata sabon batir, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa tasa ta fi tsada.

Ga abin da ya same ni. Wata biyu da zuwana na sayi waya ta intanet daga wani mai sayarwa, jikinta fes, lafiyar batirin kuma tana nuna 100. A cikin ɗaki ba ta ba ni matsala ba, sai dai na lura tana ɗan zafi a bayanta idan tana caji, ban kuwa ɗauki abin da muhimmanci ba. Da hunturu ya shiga, wani dare na tashi daga ɗakin karatu na tsaya jiran bas, sanyi ya sauka ƙasa da sifili, na ciro wayar tana nuna caji 41, na buɗe taswira, allon ya yi baƙi a hannuna. Tikitin bas ɗina yana cikinta, lambar shiga asusun banki ta cikinta take zuwa, adireshin masaukin da ban gama haddace hanyarsa ba yana cikinta. Na yi tafiyar fiye da awa ɗaya a ƙafa, yatsuna ba sa lanƙwasuwa. Da na shiga ɗaki ta ji ɗumi, sai ta kunnu tana nuna 30, kamar babu abin da ya faru. Na rubuta wa mai sayarwar, ya amsa mini da layi biyu: batir kayan ƙarewa ne, garantinsa bai shafe shi ba. Kwana 14 da dokar Tarayyar Turai ta bai wa wanda ya sayi kaya ta intanet ya mayar da su ba tare da ba da dalili ba kuwa sun daɗe da wucewa. Mai gyaran da ya buɗe wayar daga baya ya ɗaga batirin ya nuna mini yadda cikinsa ya ɗan tasa, ya ce tsoho ne, an taɓa ɗan allon lantarkin da ke jikinsa ne aka mayar da lissafinsa farko domin ya riƙa nuna 100. Har yau raina yana ɓaci idan na tuna, domin kuɗin da na biya na tara su ne daga aikin dare.

Abin da ya faru a daren nan yana da bayani, kuma ina so ka fahimce shi, tunda na sha karatu a kansa bayan haka har na shekara biyu ina aiki a wurin gyaran waya. Batirin litiyom idan ya tsufa abu biyu ne suke samunsa. Na farko, yawan wutar da yake iya ɗauka yana raguwa, kamar tulun da laka ta taru a gindinsa. Na biyu, wanda mutane ba su cika sani ba, hanyar da wutar take fita tana ƙuntata, ta yadda idan wayar ta buƙaci wuta mai yawa a lokaci guda, kamar buɗe taswira ko kyamara, ƙarfin batirin sai ya faɗi farat ɗaya, wayar ta kashe kanta. Sanyi yana ƙara wannan ƙuntatawa. A watan Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyinsa domin hana irin wannan mutuwar bazata, abin ya jawo masa ƙararraki, kuma a 2018 ya ƙara wurin duba lafiyar batir a cikin iOS 11.3, manhajar da ke tafiyar da iPhone. Saboda haka tsohon batir yana iya sa wayar ta yi nauyi wajen aiki, bayan saurin ƙarewar da yake yi.

Akwai kuma lissafin zagaye. Zagaye ɗaya shi ne ka cinye wutar da ta kai cikin batirin gaba ɗaya, ko da a rana biyu ne, rabi yau rabi gobe. Amma ƙarancin zagaye kaɗai ba shaida ba ce, kuma a nan ne masu sayen kwamfuta suke faɗawa. Yawancin gyararrun kwamfutocin cinya daga ofisoshi suke fitowa, inda suka shekara uku ko huɗu a kan tebur, jone da wuta dare da rana, batirin cike taf, jikin na'urar da ɗumi. Cika da zafi su ne suka fi tsufar da batirin litiyom, ko bai yi aiki ba. Na sha buɗe kwamfutar da zagayenta bai kai 100 ba, amma ba ta iya awa ɗaya da rabi idan an cire ta daga wuta. Ɗalibin da zai wuni yana shiga aji bayan aji, ba lallai ya samu soket kusa da kujerarsa ba, irin wannan kwamfutar ba za ta yi masa amfani ba.

Don haka ka nemi lambobi, a rubuce, kafin ka biya. A kwamfutar Windows, a buɗe wurin rubuta umarni a sa powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda yake ɗauka yanzu. Ka raba na biyu da na farko, ka samu kason da ya rage. A Mac, kwamfutar Apple, bayanan na'ura suna nuna yawan zagaye, kuma an ƙera batirin MacBook na zamani domin zagaye 1000. A iPhone ka duba lafiyar batir a saituna, sannan ka duba tarihin kayan gyara, wanda aka ƙara tun iOS 15.2, domin yana nuna ko an canza batirin da na kamfani ko da wanda wayar ba ta gane shi ba. Wayoyin Android sun bambanta, wasu suna nuna lafiyar batir wasu ba sa nunawa, amma manhaja irin AccuBattery tana ƙiyasta ta bayan an yi caji sau da yawa. Tsohuwar waya mai nuna 100 ba tare da shaidar canjin batir ba, ka yi zarginta. Idan kayan sun iso, kada ka jira: ka cika wayar, ka kunna bidiyo na awa ɗaya ka ga nawa ya tafi, ka bar ta ta sauka ƙasa da 20 ka ga ko lambar tana tsalle, ka fita da ita waje idan da sanyi. Duk wannan a cikin kwanakin da kake da damar mayarwa, kuma ka tuna wannan dama tana aiki ne idan daga ɗan kasuwa ka saya, ban da cinikin da aka yi tsakanin mutum da mutum.

Batir mai rauni ba ya hana ciniki idan ana iya canza shi, kuma ka sa kuɗin canjin a lissafinka tun farko. Wasu kwamfutocin ana kwance sukurori kaɗan a cire batirin, wasu kuwa an manne shi da gam a jikin murfi, aikin sai ƙwararre. Ƙananan abin saurare marasa igiya da ake cusawa a kunne, kada ka saye su na hannu ko an ba ka da araha, domin batirinsu ƙanƙane ne, yana saurin gajiya, kuma akasarinsu ba a buɗe su sai an lalata. Gaskiya ne doka tana canzawa: tun 20 ga Yunin 2025 sababbin wayoyin da ake shigarwa kasuwar Tarayyar Turai dole batirinsu ya jure zagaye 800 yana riƙe da kashi 80, kuma daga Fabrairun 2027 za a tilasta wa masu ƙera na'urori da dama su sa batirin da mai kaya zai iya canzawa da kansa. Sai dai wayoyin da ka turo mini an ƙera su ne kafin waɗannan dokoki, don haka ba su shafe su ba.

Kumburi kuwa ba a sasantawa da shi. Idan allon waya ya ɗan ɗago daga gefe, ko wurin zazzaga yatsa na kwamfuta ya ƙi dannuwa, ko kwamfutar tana rawa a kan tebur mai shafe, batirin ya tara iska a ciki, kuma yana iya kama wuta idan an matse shi ko an huda shi. Kada ka yi masa caji, kada ka shiga jirgi da shi. Pawa banki da duk batirin da ba ya cikin na'ura a jakar hannu ake ɗaukarsu, ba a sa su cikin akwatin da zai shiga ƙarƙashin jirgi, kuma wanda ya haura Wh 100 (ma'aunin yawan wutar da batir yake ɗauka) sai da izinin kamfanin jirgin.

A cikin tallace-tallacen naka uku, na farko bai ambaci batir ba ko kaɗan, ka bar shi. Na biyu ya ce "an gwada batir", maganar da ba ta ɗauke da lamba. Na uku ne ya rubuta kaso, don haka shi za ka rubuta wa: ka nemi hoton shafin lafiyar batir na ainihin wayar da zai aiko maka, ka tambaye shi ko an canza batirin da kuma ko garantinsa ya haɗa da shi. Kwamfutar kuma ka dakata da sayenta har ka iso, mu duba rahotonta tare. Duk amsar da ya ba ka, ka turo mini ita kafin ka taɓa kuɗinka.