Ƙanwata, ba ke ce da matsala ba

Kin ce shekara biyu kuna tare da saurayinki. Wani satin ya kira ki har kunne ya yi zafi, wani satin ya ɓace, ya ga saƙonki a WhatsApp ya ƙi amsawa. In kin yi maganar turowa sai ya ce a bari ya gama bautar ƙasa. Sannan kika tambaya ko don ba ki da haske ne, ko don gidanku ba masu hali ba ne.

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ta fi ci mini rai. Na aurar da ƙannena mata, na ga 'yan matan unguwa da dama cikin irin halinki, kuma kusan kullum haka abin yake: namiji ya ƙi tsayawa kan magana ɗaya, yarinya ta koma gaban madubi tana neman laifinta. Wata har man bilicin ta kama shafawa, fuska ta ƙone, gogan kuwa yana nan yadda yake. An yi wa farare haka, an yi wa 'ya'yan masu kuɗi. Halinsa ne, da shi ya zo tun kafin ya san ki.

Bautar ƙasa shekara ɗaya ce, kuma ba ta hana kawun mutum zuwa gaisuwa. Ai ba lefe aka ce ya kawo gobe ba. Iyayenmu da suka ce a turo magabata sun san abin da suke yi, don a nan ake rabe mai so da mai ɓata lokaci. Ga shi ya tare miki ƙofa: duk mutumin kirki da ya ji kina da tsayayye zai ja baya, tunda addini ya hana nema cikin nema.

Ki bar yi masa habaici a sitatus, ba ya kai ko'ina. Ranar da ya zo zance ki tambaye shi kai tsaye: yaushe manyanka za su zo? Ki haɗa da maganar gwajin jini, musamman na sikila. A Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure. Mai niyya ba ya gudun asibiti. Ki yi istihara, ki sanar da Umma ko yayarki, kada ki riƙe abin ke kaɗai.

In ya faɗi wata, a jira watan. In ya shiga kame-kame, to ya ba ki amsa. Za ki sha kuka, ba zan ɓoye miki ba, abinci ma zai fita ranki na ɗan lokaci. Amma don Allah kada ki kira shi kina tambayar me kika yi masa.