Hukuncin ruwan kududdufin da dattin masana'anta ke kwarara cikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙauyenmu yana kusa da masana'antun Challawa a Kano. Da damina kwatar kamfanonin jima takan gangaro cikin kududdufinmu, wani lokaci ruwan ya yi baƙi yana ɗoyi, wani lokaci kuma ya kwanta garau. Ya halatta mu yi alwala da shi, mu sha, mu ba wa shuka?

Amsa: Wa alaikumus salam. A mazhabar Malikiyya, ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Idan abin da ya canza su ƙasar wurin ce, ko gansakuka, ko daɗewa, ruwan yana nan da tsarkinsa. Idan najasa ce ta canza shi, ya zama najasa, ba alwala, ba wanka, ba girki. Kwatar majema kuwa ba ta rasa jini da ruɓaɓɓen naman da aka kankare daga fata, don haka ranar da ya yi baƙi yana ɗoyi, ku nisance shi. Ko da sinadari ne kaɗai ya canza shi, ba ya ɗauke hadasi, wato alwala ko wanka da shi ba ya inganta. In babu wani ruwan kusa, ku yi taimama kamar yadda aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta ba da dama.

Inda nake so ka tsaya shi ne ranar da ruwan ya kwanta garau. Ta fuskar tsarki alwala da shi ta inganta, amma ingancin alwala bai halatta sha ba. Masu jima suna aiki da sinadarin kuromiyam, shi kuma ba lallai ne ido ya gan shi ba in ya narke, tafasawa ba ta fitar da shi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a yankin Anka da Bukkuyum na Zamfara, iyayensu ba su ga komai da ido ba. Annabi (SAW) ya hana cuta da cutarwa, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Saboda haka ku kai ruwan a auna. In masana suka tabbatar da guba, shansa da shayar da yara haramun ne. Wanda kuma ya ji tsoron zai cutar da fatarsa, shi ma taimama ta halatta masa.

Shuka kuwa, Shehu Halil, mai littafin Muktasar na fiƙihun Malikiyya, ya lissafa amfanin gonar da aka shayar da najasa cikin abubuwa masu tsarki. Sai dai alayyafo da latas suna zuƙar ƙarafa masu guba irin su kuromiyam da dalma, kuma sayar wa mutane abin da ka san zai cuce su bai halatta ba.

Mafi girman laifi yana kan mai kamfanin. Shari'ar da ta hana mutum ɗaya yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ina ga mai tuttulo tankoki? Wajibi ne ya tace dattinsa, ya biya ɓarnar da ya jawo. Ku haɗa kai da dagaci da limaminku, ku kai ƙara hukumar kula da muhalli a rubuce. Wallahu a'alam.