Rawar Girkawa: Shin Tun Zamanin Gumaka Ake Yin Ta?

Tambaya: Malam, na kalli bidiyon wani biki a ƙasar Girka, inda mutane suka jeru sun dafa kafaɗun juna, kiɗa ya fara a hankali sannan ya yi ta ƙara sauri. Abokina ya ce tun zamanin da Girkawa ke bautar gumaka ake yin wannan rawa. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, bisa siffar da ka bayar, rawar da ka gani ita ce sirtaki, kuma a kanta abokinka bai dace ba, domin a shekarar 1964 aka tsara ta saboda fim ɗin Zorba the Greek, wanda Mikis Theodorakis ya yi wa kiɗa. Sai dai ba daga sama ta faɗo ba. An ɗauko takunta ne daga hasapiko, wato rawar mahauta, wadda ake danganta ta da ƙungiyar mahautan birnin Kustantiniyya, Istanbul ta yau. Wanda ya san kiɗan pawa a ƙasar Hausa ba zai yi mamakin jin cewa sana'a tana da rawarta ba.

Duk da haka maganar abokin naka tana da ƙamshin gaskiya idan aka koma ga sirtos, rawar ƙauye da sirtaki ta ari sunanta, wadda ma'anar sunanta ita ce ja, kamar jan abu a ƙasa. Masu rawa suna riƙe hannun juna a da'irar da ba ta rufe ba, suna tafiya ta hannun dama. Na gaba yakan riƙe bakin hankici, na bayansa ya riƙe ɗaya bakin, wannan ne ke ba jagoran damar juyawa da durƙusawa ba tare da layin ya tsinke ba, sauran kuwa suna bin taku ɗaya cikin natsuwa. An samu sunan sirtos a wani rubutun dutse na ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa a yankin Boyotiya na ƙasar Girka. Tun kafin nan ma, a cikin waƙar Iliad, tsohon mawaƙin Girkawa Homer ya siffanta samari da 'yan mata suna rawa riƙe da wuyan hannun juna, ya kuma kwatanta filin da wanda aka gina wa Ariadne a Knossos, a tsibirin Kirit.

Ariadne ɗin nan ita ce 'yar sarki Minos, wadda hikaya ta ce ta ba jarumi Theseus ƙullin zare domin ya iya fitowa daga gidan nan mai ruɗaɗɗun lunguna bayan ya kashe dodo mai kan bijimi. Marubucin Girkawa Plutarch, wanda ya rayu wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa a hanyarsu ta komawa Atens, Theseus da matasan da ya ceto sun yada zango a tsibirin Delos, suka yi wata rawa mai lanƙwasa da warwarewa kamar lungunan da suka kuɓuta daga cikinsu, kuma mutanen tsibirin suna yin ta har a zamaninsa. A yau wasu na cewa rawar tsakonikos ta kudancin Girka ita ce magajiyarta. Ina son wannan labari ƙwarai, amma ba zan ɓoye maka ba cewa kamanni ne kawai hujjarsa, domin tsakanin Plutarch da yau akwai zuwan Kiristanci, da daular Rumawan Gabas, da kusan shekara 400 na mulkin Turkawa, kowanne kuma ya bar sawunsa a kiɗan ƙasar.

Kayan kiɗa sun fi komai nuna wannan. Hikaya ta ce Hermes, ɗaya daga cikin allolin Girkawa, ne ya ƙera lira, wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi, da ƙoƙon kunkuru ya ba ɗan'uwansa Apollo, kuma waccan lira kaɗa tsirkiyoyinta ake yi. Lirar da makaɗan Kirit ke riƙewa a yau kuwa tsirkiya 3 gare ta, ana kafa ta a kan gwiwa ana goga ta kamar yadda ake yi wa goge, kuma asalinta daga zamanin Rumawan Gabas ne. Suna ɗaya ne, abu daban. Shi kuwa buzuki, abin kiɗa mai tsirkiyoyi da dogon wuya da aka saba ji a kiɗan sirtaki, ya yi tashe ne tare da waƙoƙin rebetiko na talakawan tashar jiragen ruwa ta Piraeus, musamman bayan da 'yan gudun hijira fiye da miliyan 1 suka kwararo daga Turkiyya a 1922 da 1923. Hukumar UNESCO ta sanya rebetiko cikin al'adun da ɗan'adam ya gada a 2017.

Idan kana son ganin tsohuwar da'irar da idonka, ka nemi bidiyon bukukuwan ƙauye da ake kira panigiri, musamman na ranar 15 ga Agusta a tsibirin Ikariya, inda tsoho da jikarsa ke shiga layi ɗaya a filin gari, mai goge yana tsakiya, ana rawa har gari ya waye.