Tsakanin "tahi" da "tafi": amsa ga ɗan ƙanena

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce abokanka na ƙetaren iyaka, wato Nijeriya, suna yi maka dariya in ka rubuta "na tahi lakwal", wai ba Hausa ba ce, su kuma na gida suna cewa ka fara yanga in ka rubuta "na tafi makaranta". Kana tambaya wace ce Hausar gaskiya, kuma ko dole ne mutum ya bi nahawu tunda harshe kullum sauyawa yake.

Duka biyun Hausa ce. "Tahi" karin harshenmu ne na yamma, haka "hwara" da "mishi", haka "ɗiya" a wurin da Bakano zai ce "ƴaƴa". Je ka Tibiri ka ji Bagobiri yana cewa "sunka zo", "shi na", "ita ta". Wannan ba kuskure ba ne, gadon kakanni ne, kuma kada ka yarda wani ya sa ka ji kunyarsa. Abin da ake kira daidaitacciyar Hausa yarjejeniya ce ta rubutu da aka gina galibi a kan karin Kano. Hans Vischer, wani Baturen ilimi a Arewacin Nijeriya, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939 ta yaɗa su, an yi taron Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya. Mutane ne suka zauna suka shirya ta domin ɗan Maraɗi ya rubuta, ɗan Bauci ko na Kumasi ya karanta ba tare da tuntuɓe ba. Saboda haka ka dubi mai karatunka. In gaisuwa ce ga iyayenka, ko waƙa, ko zancen wani tsoho da kake son a ji muryarsa, rubuta yadda ake faɗi. In takarda ce da za ta yi nisa, rubuta "tafi".

Batun "lakwal" kuma, aro ba sabon abu ba ne. "Littafi" da "labari" sun shigo daga Larabci da lam ɗinsu, wato harafin "l", manne a gaba, kuma haka "lakwal" ta shigo daga Faransanci. Hanya ɗaya suka biyo. Abin dubawa shi ne ko baƙuwar kalma ta bi tsarin gida. Gwada ta da abu uku. Tana faɗuwa a bakin tsohuwar da ba ta yi boko ba? Ta sami jinsi, ana ce mata "ne" ko "ce"? Tana yin jam'i irin namu? Dubi "kwamfuta". Ta ƙare da "a", sai ta zama mace, muka ce kwamfuta ce, kwamfutar malam. Jam'inta "kwamfutoci", kamar "mota" da "motoci", domin a Hausa "t" kan koma "c" in ta haɗu da "i" a irin wannan wuri. Babu hukumar da ta umarci kowa da haka, kunnen Bahaushe ne ya yanke. Kalmar da ta wuce wannan gwaji ta zama tamu.

Inda nake jan kunnenka shi ne kalmomin da ke haɗa jimla. Sabon abu ya zo da sunansa, mun karɓa. Amma me ya kawo "paske" da "donk" na Faransanci cikin zancen da ke da "domin" da "saboda haka"? Gaskiya ne "amma" ita ma Balarabiya ce, sai dai ta daɗe har kowa ya san ta. "Paske" kuwa da ka wuce Ɗan Isa ka shiga Jibiya ta daina aiki, kuma kakarka a ƙauye ba ta san ta ba.

Sai rubutu, nan ne ɓarnar ta fi yawa. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba ado ba ne. "Baki" daban, "baƙi" daban. "Kafa" ba "ƙafa" ba ce, "fada" ta sarki ba "faɗa" ba ce, kuma wanda ya rubuta "ya kare" alhali yana nufin "ya ƙare" ya kusa zagin wani. Shiga saitin allon rubutun wayarka ka ƙara Hausa cikin harsuna, haruffan za su samu. Ka kuma bar rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci. "Tch" da "ou" da "dj" na taswirar Nasara ne, shi ya sa ake ganin Tessaoua da Guidan Roumdji a allunan hanya. Da Hausa Tasawa ce da Gidan Rumji, kuma "ci abinci" ake rubutawa, ba "tchi abintchi" ba. Su ma masu yi maka dariyar suna da tasu cutar, suna rubuta "xan xo" da "qasa".

Raba kalmomi ma yana sauya ma'ana. "Ba ta zo ba" kalmomi huɗu ne, in ka haɗe biyun farko kuma babu lanƙwasa, mai karatu zai tsaya yana tunanin "ɓata". "A kan tebur" wuri ne, "akan yi haka" al'ada ce. "Sai da ya zo" daban da "saida hatsi". "Yana", "muna", "suna" a haɗe suke. "Za mu" da "za su" a rabe, "zan" da "zai" a haɗe. Mallaka tana manne, "gidansa", "rigarta". "Ne" da "ce" kullum su kaɗai suke tsayawa.

Akwai kuma abin da littafin nahawu bai cika faɗa ba, alhali a nan Maraɗi ya fi duk waɗannan nauyi. Babba "ku" ake ce masa. "Ina kwananku, Baba, kun tashi lahiya?" Rubuta "lahiya" ko "lafiya", duk wanda ka ga dama, ba mai tuhumarka. Amma "slt" ko "ya dai" ga kawunka ko surukinka ba sauyin harshe ba ne, gajarta gaisuwa ce, kuma za su karanta ta a matsayin raini ko da ba haka ka nufa ba. Ka cika gaisuwar, ka tambayi gida da aiki da gajiya, sannan ka shiga abin da ya kawo ka.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.