Koci ya taso mini a fili, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Aboabo a Kumasi, ina busa wasannin yara da gasar unguwa. Kwanan nan na ba da fenariti, sai kocin ɗaya ɓangaren, wanda sa'an mahaifina ne, ya shigo fili yana nuna ni da yatsa. Har aka tashi jikina bai daina rawa ba. Yaya manyan alƙalai suke yi da irin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da sanin abin da ke hannunka. Doka ta 5 ta ƙwallon ƙafa ta ce hukuncin alƙali kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe, amma yana iya sauya shi muddin ba a ci gaba da wasa ba. To in zuciyarka ba ta kwanta ba, riƙe ƙwallon, taka zuwa wurin mai tuta, ka kore 'yan wasa daga kusa, ka tambaye shi me ya gani. Da zarar an taɓa ƙwallo, magana ta ƙare.

Shi kuma koci, tun 2019 doka ta ba ka damar ɗaga masa katin gargaɗi ko jan kati kamar kowane ɗan wasa, kuma shigowa fili don yi wa alƙali tsiwa laifin jan kati ne. Na san a zango abin da nauyi: mutumin da za ka kora yau, gobe sahu ɗaya za ku tsaya da asuba. Shi ya sa nake son ka gaishe da kocin biyu tare kafin a take wasa, ka faɗa musu iyakarsu a gaban juna. In ya taso daga baya, kada ka ja da baya, kada kuma ka ɗaga murya. Sauke hannuwanka, ka ce, "Baba, na ji ka. Turewa na gani. Koma wurinka." In ya ƙi, ciro kati.

Abin da ya fi damuna shi ne mintunan da ke biyo baya. Koci mai wayo ya san ba za ka janye fenaritin ba. Hukunci na gaba yake saye da ihunsa. Sai ka ga ɗan wasansa ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, usur ya riga ya kai bakinka, don kawai a ce ka yi adalci. Wannan ramako shi ke kashe alƙali, domin ɗaya kocin yana kallo, ya kuma gane cewa ihu na biya. Ko da ka gano ka yi kuskure, bar shi ɗaya.

Kada ka manta dalilin da ya sa mutanenmu ke saurin zargi. A 2017 FIFA ta dakatar da alƙalin wasa ɗan Ghana Joseph Lamptey har abada kan fenaritin da ya bai wa Afirka ta Kudu a wasanta da Senegal, alhali ƙwallon gwiwar Koulibaly, ɗan wasan Senegal, ta buga, ba hannunsa ba. A 2018 binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya nuna alƙalai suna karɓar kuɗi. Kuma ranar 9 ga Mayu 2001, fushi kan hukunci a wasan Hearts of Oak da Kotoko a Accra ne ya jawo jifa da hayaƙi mai sa hawaye, mutum fiye da 120 suka rasu. Saboda haka ko kuɗin mota kada ka karɓa daga hannun wata ƙungiya. Masu shirya gasa ne za su sallame ka.

In an tashi, ku fita tare da masu tuta, kada ka tsaya bayani a bakin fili. Rubuta minti da ainihin kalmomin da kocin ya faɗa tun ba ka manta ba, ka miƙa wa masu gasar a ranar.