Tambaya da Amsa: Me ya haɗa tsuntsu da gidan tarihi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Gayan. Akwai wani tsohon zaure a unguwarmu da magada suka bar wa jama'a, dattawa kuma suna so a mayar da shi ɗan gidan tarihi. Ƙanena da ke karatu a Birtaniya ya ce a Sikotland ƙauye ma yana da nasa gidan tarihin, har daga can ake fita da yara kallon tsuntsaye. Na taɓa karantawa a wannan shafi cewa ka je ƙasar. Me suke yi a ciki? Kuma ina ruwan tarihi da tsuntsu?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Ƙanenki bai ƙara gishiri ba. Lokacin da na je bikin kammala karatun ɗana, ya ɗauke ni a mota daga birnin Imbanes zuwa wani ƙauye na bakin teku da ake kira Gerlok, tafiyar kusan awa biyu, a kan hanyar da duwatsu da tumaki suka fi mutane yawa. Gidan tarihinsu mutanen garin ne suka kafa shi da kansu a 1977, a cikin wani tsohon ginin gona. A 2019 suka koma wani murtukeken ginin kankare da sojoji suka yi a farkon shekarun 1950 saboda fargabar harin jiragen sama, wanda daga baya ya zama ma'ajiyar kayan gyaran hanya. Shekara ɗaya da komawarsu, a 2020, suka shiga cikin gidaje 5 da suka raba kyautar gwarzon gidan tarihi na Birtaniya, tare da babban gidan tarihin kimiyya na Landan. Ƙauye ne fa da bai kai Samaru cika ranar kasuwa ba.

Kayan da ke ciki ba na sarakuna ba ne. Akwai ƙaton gilashin fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, da wani dutse da mutanen dauri suka zana kifi a jikinsa, da kayan kamun kifi, da kayan kaɗi, da safar ulu mai zane irin na garin, wadda matansu ke saƙawa tun ƙarni na 19. Da na ga safar nan, masu ɗinkin babbar riga na cikin birni suka faɗo mini a rai, waɗanda ke zaune a ƙofar gida suna fitar da aska takwas da allura. Masu karɓar baƙi da yawansu 'yan garin ne da ba a biyansu ko sisi. Da zan ce 'yan sa-kai ne, amma yanzu a wurinmu da an faɗi haka sai a hango mutum da bindigar toka, don haka bari in ce aikin gayya suke yi.

Amsar tambayarki ta biyu kuwa, a wani wuri na same ta. A hanyar dawowa, ranar Asabar, ruwa ya tsare mu a wani ƙauyen, muka fake a ɗan gidan tarihinsu, wanda da ƙyar ya fi zaurenku girma. Muka tarar da yara wajen goma sun kewaye tebur, an shimfiɗa tsofaffin jaridu, kowa da tsinke a hannu. Wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, ta ba kowannensu wani baƙin curi kamar babban yatsa. Na ɗauka kashi ne, har na ja da baya. Ashe aman mujiya ne. Ita mujiya haɗiye ɓera take yi ɗungurungum, cikinta ya narkar da naman, gashi da ƙasusuwa su dunƙule, ta amayar da su. Yaran suka jiƙa curin da ruwa, suna warwarewa a hankali. Wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta zaro muƙamuƙi mai haƙora kamar ƙwayar gero, ta ɗora shi a kan takarda mai zane-zane, ta ce wannan na jaɓa ne, ba na ɓera ba. Ni da furfurata ban san bambancin ba sai ranar. A gefe kuma wani tsoho, kakan ɗaya daga cikinsu, yana gaya musu rumbun da mujiyar ke kwana, da sunanta a harshen Gelik, harshen kakanninsu da ke neman suɓuce musu. Malamar ta rubuta sunan a wani babban littafi, ta sa kwanan wata.

To wannan littafin shi ne abin da ya haɗa su. A ganinsu, tarihin gari bai tsaya kan wane ya yi sarauta shekara nawa ba. Har da me ake nomawa, me ake kamawa a ruwa, wane tsuntsu ke zuwa a wane wata, wanne kuma aka daina gani. Sun ji jiki ne kafin su koyi haka. Suna da wata gaggafar teku mai farar wutsiya da aka yi ta harbewa har aka kashe ta ƙarshe a 1918. Sai a 1975 aka fara ɗauko 'ya'yanta daga Nowe ana saki a tsibirin Rum, kuma aka yi shekara goma cur kafin a samu ɗan tsako na farko da ya tashi daga sheƙa, a 1985. Haka wani shaho mai kamun kifi, shi ma ya ɓace musu, ya dawo ya yi sheƙa a 1954. Shi wannan, idan sanyi ya shigo can, Afirka ta Yamma yake tahowa, wajen Sanigal da Gambiya, don haka rabinsa namu ne.

Yanzu ki dubi gida. Ina yaro, ba ka zuwa mahauta ba ka ga ungulu jere a kan katanga ba, har kora ake yi. Tambayi 'yan ajinki su nawa suka taɓa ganinta da ido. Suna jin ana cewa ungulu ba ta jewar banza, ko an yi wa wane ungulu da kan zabo, alhali tsuntsuwar ba su san kamanninta ba. Tun 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma masu sayar da sassanta don magani. Babu wanda ya rubuta shekarar da ta bar unguwarku. Wannan ai tarihi ne ya wuce ta ƙofar gida muna zaune.

Shawarata ita ce kada ku jira kwandishan da akwatunan gilashi. Ku fara da littafi biyu. Na farko na kaya: duk wanda ya kawo akushi, mazari, ƙoshiyar saƙa, zugazugi, gafaka ko likkafa, a rubuta sunansa, da na mai kayan na asali, da ko kyauta ce ko aro, ya sa hannu, a ba shi shaida. Ina nanata wannan ne don ya ci ni. Na taɓa ba da aron gafakar kakana don wani baje koli na makaranta, ba a rubuta komai ba, yau shekara goma sha ke nan ana ce mini ana dubawa. Ku ɗaga komai daga ƙasa saboda gara da damshin damina, takardu kuma su fi kowa nisa da bango. Kada ku shiga sayen kayan da aka tono daga ƙasa, akwai dokar da ta hana cinikinsu, kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ce ke da hurumi a kansu.

Littafi na biyu na yara ne. Shafin farko, shamuwa: wace rana aka fara ganinta bana, a kan wace bishiya, sheƙa nawa, kwana nawa tsakanin zuwanta da ruwan shuka, yaushe ta tafi. Manoma sun daɗe suna karanta damina a jikinta, sai dai ba a rubuce ba. A Birtaniya tun 1979 suke da al'adar kowa ya zauna awa guda a ƙarshen Janairu ya ƙirga tsuntsayen da suka sauka a gidansa, kuma da irin wannan ƙidayar suka gane waɗanda ke raguwa. Ku ma ku zaɓi Asabar ɗaya a wata. Da sassafe a fita bakin tsohuwar ganuwa, ko gindin rimi, ko gefen Kubanni, wata rana a yi shiri a je Kufena. Balbela, shirwa, zalɓe, cilakowa, hazbiya, duk a rubuta su da sunan da mutanen gari ke kiransu. Ku nemi tsohon maharbi ya raka ku, in da hali ya zo da kan burtun da yake ɗaurawa a goshi idan zai yi sanɗa, ya nuna wa yara yadda ake tafiya da shi. Ranar nan ba za ki roƙi kowa ya yi shiru ba. Idan kun ci karo da tsuntsun da ya gagare ku, jami'ar Ahmadu Bello na nan a Samaru da malaman ilmin dabbobi, kuma a Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum, wadda ma ta daɗe tana aiki da jami'ar Sent Andurus ta Sikotland ɗin.

Abu ɗaya zan roƙi dattawan: mabuɗin zauren kada ya zama na mutum ɗaya. A raba kwana, har da mata, musamman tsofaffin da suka iya kaɗi.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Mujiya ta tare a silin ɗin shagonmu a Sabon Gari, maƙwabta sun ce in kashe ta don ba alheri take kawowa ba. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba.

AMSA: Ɗana, kada ka kashe ta. Hadisi ingantacce ya kore camfi da tsuntsaye, har ya ambaci mujiya, ka tambayi limaminku ya karanta maka. Hatsi ko kayan masarufi kuke sayarwa? To ɓerayen shagon ta biyo, kuma da ka sa musu guba gara ka bar ta, domin idan ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma mutuwa za ta yi. In ƙazantarta ce ta dame ku, ka jira 'ya'yanta su tashi, sannan ka toshe kafar. Kafin nan ka duba ƙasan inda take kwana, za ka ga baƙaƙen curi sun bushe. Ka sa leda a hannu ka kwashe su a kwali, ka wanke hannunka da sabulu, ka kawo mana ofis. Akwai wata malama a Ƙofar Gayan da za ta buƙace su.